Yadda ake tace furotin da tantani ba tare da ya gudu ko ya dunƙule maka ba

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, wajen tara saura, ina shirin kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in kama hanyar gida, sai ga wani ƙanina ɗan Damagaram da ya zo karatun digiri na biyu nan Jidda ya faɗo lab fuska duk ta sauya. Ya ce Yaya dan Allah zo ki duba min, furotin ɗina ya ɓace. Na ce ya ɓace kamar yaya, akuya ce? Ya ce wallahi ya zuba mil, wato mililita, goma sha biyar a matata, ya juya a santirifuj, injin da ke wulwula samfur da gudu, ruwa ya ƙafe ya koma rabin mil, ya auna, kusan babu komai. Na ce toh ina ruwan ƙasan, wanda ya ratsa matatar ya sauka? Ya yi shiru. Ya zubar a sinki tun kafin la'asar. Aikin sati uku kenan ya bi rariya, kuma abin haushin shi ne da ya ajiye ruwan nan da a minti biyar mun san inda furotin ɗin yake, ƙila ma mu dawo da shi gaba ɗaya.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yin aikin nan daga farko har ƙarshe, don yaranmu da ke shigowa lab a Jidda da Riyad da Madina su daina koyo da hawaye.

Sunan aikin a bakin masu shi alturafiltireshan, amma duk wadda ta taɓa tace ƙullun kamu ta riga ta san rabin karatun. Ki zuba ƙullu a mataci, ruwan gasara ya wuce, dusa ta tsaya a sama. Nan ma haka ne, sai dai matacin wani siririn tantani ne da ƙofofinsa ba su wuce nanomita ɗaya zuwa ɗari ba, ƙwayar bakteriya guda ma ta kai nanomita dubu, kaga ke nan ido ba ya ganin komai. Ruwa da gishiri da sukari da sauran ƙananan abubuwa su wuce ƙasa, furotin da yake da jiki ya tsaya a sama. Bambancin da tatar koko shi ne, a nan abin da ya tsaya a sama shi ne dukiyar, kuma ruwan ba ya sauka don kansa sai an matsa masa, ko da juyin santirifuj ko da iskar naitirojin ko da famfo. Wani Bajamushe Heinrich Bechhold ne ya raɗa wa aikin suna a 1907, amma bai zama abin kowa ba sai bayan da Loeb da Sourirajan suka ƙera tantani mai siririyar fata a sama da soso a ƙasa a jami'ar UCLA ta Amurka wajen 1960, su kuma neman tace ruwan teku suke yi. Mu da muke zaune a Jidda muna shan ruwan Bahar Maliya da aka cire wa gishiri, jikokin wannan tantanin ne ke yi mana wani ɓangare na aikin. Namu na lab ya fi wancan faɗin ƙofa, gishiri wucewa yake abinsa. Alan Michaels ya kafa kamfanin Amicon a 1962, sunan da har yau za ka ji ana cewa miƙo min Amicon ko da matatar ta wani kamfani ce daban.

Abu uku ake yi da shi: a rage ruwa furotin ya yi kauri, a canza masa bafa, wato ruwan haɗin da furotin ke zaune a ciki, ko a raba shi da ƙananan tarkace. Abin da ba ya yi kuma, in faɗa tun yanzu, shi ne raba furotin biyu masu kusan girma ɗaya. In kana da mai kDa 40, wato kilodalton, ma'aunin nauyin furotin, da mai kDa 60 kana tunanin matatar 50 za ta raba maka su, ka manta kawai, sai bambancin ya kai wajen ninki goma kafin ka ga rabuwar kirki. Wannan aikin kolum ne, wato bututun da ake bi da furotin ta cikinsa a rarrabe su.

Kafin ka taɓa matata

Ka san nauyin furotin ɗinka. Ba wai ka ji an ce ba, ka duba jerin amino asid ɗinsa ka lissafa, ka haɗa da duk wata jela, wato ɗan ƙarin guntu, da aka liƙa masa, sannan ka tambayi kanka shi kaɗai yake yawo ko bibbiyu ko hurhuɗu. Himogulobin misali guda huɗu ne a haɗe, jimilla wajen kDa 64, amma kowane ɗaya wajen 16 ne. Wasu da ya kamata su zauna maka a ka: insulin 5.8, laisozayim na farin ƙwai 14.3, GFP mai koren haske 27, BSA na jinin shanu 66, IgG, garkuwar jiki da ke cikin jini, 150.

Sai lambar da ke jikin matatar, 3K, 10K, 30K, 50K, 100K, K ɗin nan kDa yake nufi. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Lambar nan ba katanga ba ce. Ma'anarta dai, abu mai dunƙulallen jiki da ya kai wannan nauyin, tantanin zai riƙe wajen kashi 90 cikin ɗari nasa, kuma ƙofofin ba girmansu ɗaya ba, wasu sun fi wasu faɗi, kamar tsohon mataci. Furotin mai siririn jiki dogo kuwa yana iya zurarewa ta ƙofar da mai nauyinsa dunƙulalle ba zai bi ba, kamar yadda zare ke bin kafar allura amma ƙullin zaren ya tsaya. Don haka ƙa'idar da nake bi, raba nauyin furotin gida uku, ka ɗauki matatar da ba ta wuce wannan ba. BSA, 66 raba uku 22, ka ɗauki 10K in kana son kwanciyar hankali, 30K ma mutane na amfani da ita tana riƙewa. IgG ka ɗauki 30K ko 50K.

Ƙanin nan nawa a kan nanobodi yake aiki, wato ɗan guntun garkuwar jiki irin ta raƙumi. Tun 1993 masu bincike a Beljiyam suka wallafa cewa raƙuma na da wata irin garkuwa mara ƙaramar sarƙa, kuma ɗan kanta da ke kama abokin gaba wajen kDa 15 ne kacal, shi ya sa labs da yawa ke sonsa. Shi kuma ya buɗe durowa ya ga 30K ce kaɗai ta rage, ya ce ai duk matata ce. Ƙofa ta ninka kayansa biyu. 3K ya kamata ya nema, ko da zai jira zuwa Lahadi a aro masa a lab ɗin maƙwabta.

Kar kuma tsoro ya sa ka riƙa ɗaukar 3K ga komai. Tana da jinkiri sosai, kuma duk wani ɗan tarkace da kake so ya fita zai zauna tare da kayanka.

Irin tantanin ma da magana. Akwai na selulos, irin na cikin Amicon Ultra, furotin bai cika manne masa ba. Akwai na PES, wata irin roba, irin na yawancin matatun Vivaspin, ruwa ya fi gudu a cikinsa amma wasu furotin na son liƙe masa. Ni dai in samfur ɗina kaɗan ne kuma tsararo, selulos nake fara gwadawa. In wani ya ci min kaya sai in koma ɗayan, babu wanda zai gaya maka tabbas sai ka gwada da naka.

Shirya samfur da matata

Mataki na farko na aikin hannu, ka share samfur ɗin. Duk wani gurɓati ko ɗan guda-guda da ke yawo ciki shi zai fara zuwa ya toshe ƙofofin. Ka juya shi da ƙarfi minti goma ka kwashi na sama, ko ka bi da shi ta matatar sirinji mai 0.22 ko 0.45 maikiron. Daga nan ka ɗebi kaɗan, maikirolita hamsin ya isa, ka sa a ɗan tub ka rubuta KAFIN a jiki. Ka auna yawan furotin ɗin, ka rubuta adadin mil ɗin da kake da shi. Wanda bai yi wannan ba, duk abin da zai faɗa daga baya hasashe ne.

Na biyu, wanke tantanin. Daga kamfani yana zuwa da ɗan gilisarin a jiki don kar ya bushe. Ka cika matatar da ruwa mai tsabta na lab ko bafar da za ka yi aiki da ita, ka juya minti biyar, ka zubar da na sama da na ƙasa. A nan ne ma za ka kama matata mai huji: in ka ga duk ruwan ya zube ƙasa cikin ƙiftawar ido alhali 10K ce, ajiye ta gefe. Kuma da zarar tantani ya jiƙe kar ka bari ya bushe. In an kira salla kana tsakiyar wannan, ka bar masa ruwa a ciki ka rufe ka tafi.

In furotin ɗinka ɗan mitsitsi ne, misali ƙasa da maikirogiram hamsin a mil, abin da zai manne a bango da tantani zai iya zama rabin dukiyarka. Dabarar ita ce ka riga shi cika wuraren mannewar. Ana jiƙa matatar da sabulun lab na Tween-20 kashi 5 cikin ɗari ko BSA kashi 1 cikin ɗari, a bar ta ta kwana, da safe a ɗauraye sosai da ruwa sau da yawa. Amma ka yi tunani tukuna, in mas sifek, injin da ke tantance furotin ta nauyinsa, za ka kai samfur ɗin, Tween zai ɓata maka sakamako, BSA kuma zai fito a jel, inda ake jera furotin bisa girma a gani, ya tsaya kusa da naka kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Na uku, santirifuj ya huce tun kafin ka zo. Ka kunna shi a digiri 4 ya yi ta juyawa babu komai kamar minti goma sha biyar. Garin nan da rana ta take sama da digiri 40 ake yi a waje, in kana ɗauko samfur daga wani gini ka nutsa shi cikin ƙanƙara a akwatin soso, ba a hannu ba, ba a aljihun labkot ba. Sai dai ka sani sanyi na rage gudu, domin ruwa a digiri 4 ya fi na digiri 20 kauri da wajen rabi, in kuma akwai gilisarol kashi goma a bafar sai abin ya ƙara nauyi. Lokutan da ka gani a takardar kamfani yawanci a zafin ɗaki aka auna su, kar ka ga naka ya daɗe ka ɗauka wani abu ya lalace.

Juyawa

Zuba samfur, kar ka wuce layi. Amicon Ultra ta mil 15 tana ɗaukar 15 ɗin ne a rota, wato kan santirifuj da ke ɗauke da tub yana juyawa, mai lilo, wadda kofunanta ke miƙewa in ta ɗau gudu, iyakarta kuma g 4000, wato ƙarfin juyi da ya ninka jan ƙasa sau 4000. A rota mai kafaffen kwana mil 12 za ka zuba, iyaka g 5000, in ka cika ta zai malalo ta murfi. Ƙaramar ta rabin mil tana jure g 14,000. Kowace iri da nata, takardar da ke cikin kwalin ba ado ba ce, karanta ta.

Lura, g na ce, ba rpm ba, wato yawan juyi a minti. Wannan kuskuren na gan shi ya fi a ƙirga. Lissafin shi ne g daidai yake da 0.00001118 sau faɗin rota daga tsakiya a santimita sau rpm sau rpm. In rotarka santimita 15 ce, rpm 4000 zai ba ka g wajen 2700 ne kawai, sai ka kai kusan rpm 4900 kafin ka sami g 4000. A wata babbar rotar kuma rpm ɗin da kake ganin kaɗan ne ya isa ya fasa tantani. Yawancin injinan yanzu suna da maɓallin da ke juya lambar zuwa g, danna shi ka huta.

Daidaita nauyi da sikeli, ba da ido ba. Abokin nauyin ya zama wata matata irinta in akwai, ko tub da ka auna nauyinsu ya zo ɗaya.

Toh yanzu ga inda aikin yake, kuma nan zan daɗe. Kar ka saita minti arba'in ka tafi shan shayi. Ka tuna matacin koko: da farko ruwa na zuba shaa, can sai ya koma ɗis ɗis, ba don ruwa ya ƙare ba sai don dusa ta kwanta a kan ƙyallen ta yi kauri, sai kin sa hannu kin motsa kafin ya ci gaba. Haka furotin ke yi. Juyin na tura shi ya taru a fuskar tantani da can ƙasan matatar inda ta tsuke, sai ka ga a sama ruwan miligiram biyu ne a mil amma a ƙasan ya ninka haka sau da yawa, ya zama kamar kunu. Wannan kwanciyar ita ke rage gudun ruwa, kuma a cikinta furotin ke fara kama juna yana dunƙulewa. Ƙara gudu ba ya magani, ƙara danne shi kawai kake yi.

Ni haka nake yi: juyi minti biyar zuwa goma, in tsayar, in ciro, in ɗaga ta saitin fitila. In ka kalla da kyau za ka ga wasu zare-zare masu walƙiya a ƙasa, kamar lokacin da sukari ke narkewa a gindin kofin shayi ba a juya ba. Wannan furotin ne mai kauri. Sai in ɗauki fifet, abin zuƙar ruwa kaɗan kaɗan, in ja ruwan a hankali in mayar sau biyar ko shida, ina wanke bangon da shi, bakin fifet ɗin bai taɓa tantanin ba don tsini ɗaya ya isa ya huda shi, kuma ba na bari ya yi kumfa, kumfa na warware furotin. In mayar in sake juyawa. Yayin da ruwan ke raguwa ina rage lokacin, in ya kusa inda nake so minti biyu biyu nake yi.

Na koyi wannan ne da tsada. Wani azumi, a gajiye, na saita minti arba'in na tafi masallacin ƙasa na yi la'asar na ɗan kishingiɗa. Da na dawo ruwan ya sauka har ƙasa, a gindin matatar ga wani farin abu guda-guda kamar awara ta fara kamawa. Na yi ta ƙara bafa ina motsawa, ko gezau. Furotin in ya dunƙule irin wannan da wuya ya dawo, wanda ya dawo ɗin ma ba lallai ya yi aiki ba.

In ka fara ganin hazo-hazo ko da kaɗan ne, tsaya nan. Furotin ɗin na gaya maka ya kai iyakarsa a wannan bafar. Ka kwashe, ka juya shi a ƙaramin tub da ƙarfi minti goma, ka raba na sama da abin da ya kwanta, sannan ka duba bafar. Sau da yawa laifin pH ne, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya yi kusa da inda cajin furotin ɗin ke zama sifili, a nan ne ba ya ture ɗan'uwansa sai su rungume juna. Na BSA wajen 4.7 ne, na laisozayim wajen 11. Ka matsa da pH aƙalla ɗaya daga wurin. Wani kuma gishiri yake so, milimola 150 zuwa 300 na NaCl, wani gilisarol kashi biyar zuwa goma, wani ɗan arjinin. Ka gwada da kaɗan kaɗan kafin ka zuba duka.

Duk lokacin da kofin ƙasa ya cika, juye shi a tub mai tsabta, rubuta RUWAN ƘASA da kwanan wata, sa a ƙanƙara. Ba ka zubar da shi sai lissafi ya fito. In samfur ɗinka ya fi mil 15, ƙara zubawa kake yi a kai bayan kowane juyi, kana gaurayawa.

Masu aikin furotin na jikin tantanin ƙwayar halitta, waɗanda sai da sabulu suke zama cikin ruwa, ku kula da abu ɗaya: sabulun na taruwa ya yi ƙwallaye, na wanda ake kira DDM sukan kai kDa 50 zuwa sama, kuma matatar 10K ko 30K riƙe su take yi. Kana kaurara furotin sau talatin kana kaurara sabulu kusan haka. In girman kayanka ya yarda, 100K ce abokiyar tafiya.

Canza bafa

A ce ka fito da furotin daga kolum ɗin nikel yana cikin imidazol milimola 300, sinadarin da ake sako shi daga kolum ɗin da shi, kana so ka rabu da imidazol ɗin. Ka sauke ruwan daga mil 15 zuwa 1.5, ka cika da sabuwar bafa zuwa 15, ka gauraya. Imidazol ya koma 30. Sake yi, 3. Sake yi, 0.3. Zagaye uku kenan, awa ɗaya ko biyu, maimakon dayalisis na kwana guda, inda ake ɗaure samfur a jakar tantani a tsoma cikin sabuwar bafa. Za ka iya sauka har rabin mil a kowane zagaye, ninki talatin talatin, 300 ya koma 10 ya koma 0.33, ya fi sauri a takarda, amma kowane zagaye kana kai furotin ɗin bakin dunƙulewa kana dawo da shi. Na fi son ninki goma sau uku ko huɗu. Kuma in sabuwar bafar ta yi nisa da tsohuwar, misali daga gishiri mai yawa zuwa babu, kar ka yi tsalle ɗaya, bi da shi a hankali. Wani furotin ɗin ma dayalisis ɗin ya fi masa, ba abin kunya ba ne.

Kwashewa da lissafi

Da ka kai inda kake so, kwashe nan take, kar ka bar shi zaune a kan tantani. Gauraya a hankali, ja da fifet mai siririn baki har ƙasa. Ƙaramar ta rabin mil kifa ta ake yi a sabon tub a juya a g 1000 minti biyu. Bayan nan zuba ɗan bafa, kamar maikirolita ɗari ko biyu, wanke bangon tantanin da shi, ajiye wannan wankin daban tukuna, in ka auna ka ga da kaya a ciki sai ka haɗa.

Yanzu ka auna abu uku, na KAFIN, na sama, da ruwan ƙasa. In da NanoDrop ne, injin da ke auna shan haske, a nanomita 280, ka yi sifili da ainihin bafar, don imidazol kansa na iya ɗaga lambar ya ruɗe ka, kuma ka sa lambar shan haske ta furotin ɗinka, ba kowa ne 1 ba: miligiram ɗaya a mil na BSA na ba da wajen 0.66, IgG wajen 1.4, laisozayim wajen 2.6. In ruwan ƙasan ya yi tsararo da yawa, gwajin launi na Bradford ya fi gani. Sai ka ninka da adadin ruwa. Misali ka fara da mil 14 a 0.5, miligiram 7 kenan. Ka ƙare da rabin mil a 12, miligiram 6. Ka sami wajen kashi 86, alhamdulillahi, wannan aiki ya yi kyau. In ka ga 3 ne maimakon 6, wurare uku kawai sauran za su iya zuwa. In yana ruwan ƙasa, matatar ta yi faɗi ko ta huje, sai ka ɗauki ƙarama ka sake tace ruwan ƙasan, kayanka na nan. In ruwan ƙasa fes yake kuma ka ga hazo ko farin abu, ya dunƙule, gyara bafa. In babu ko ɗaya, ya manne, canza irin tantani ko ka jiƙa shi tukuna kamar yadda na faɗa. Ka zuba ukun a jel ɗin SDS gefe da gefe, ido zai ga abin da lamba ta ɓoye, har da ko wani enzayim ya fara yanka maka furotin ɗin.

In ruwan ya fi ƙarfin santirifuj

Daga mil ɗari zuwa sama juyi ya zama wahala. Akwai tukunya mai motsi, tantanin faifai ne a ƙasa, gefensa mai sheƙi yana kallon sama wajen samfur, a rufe a sa iskar naitirojin, maganaɗisu na juya ruwan a hankali don kar ya kwanta. Irin na Amicon iyakarsu matsin psi 75, ni ban cika kai su can ba. Ka sauke iskar gaba ɗaya kafin ka buɗe murfi, dan Allah.

Lita da yawa kuma sai TFF, inda famfo ke tura ruwan yana gudu a kan fuskar tantani yana share ta, kaɗan na ratsawa, sauran na komawa tanki. Da irin wannan ake tace ruwan cuku a masana'antar madara a fitar da garin furotin ɗin da 'yan jim ke sha, da shi kuma kamfanonin magani ke kaurara garkuwar jiki. Matsin da ake lura da shi, ka haɗa na shiga da na komawa ka raba biyu ka cire na fita. Kana ƙara shi gudun ruwa na ƙaruwa, har ka kai inda ƙari ba ya ƙara komai, sai ka tsaya ƙasa da nan kaɗan. In kana zuba sabuwar bafa daidai yadda ruwa ke fita, ninki biyar na adadin samfur na fitar da sama da kashi 99 na gishirin, ninki bakwai 99.9. Kafin aiki ka auna gudun ruwa zalla ka rubuta, bayan ka wanke da NaOH, wato soda mai ci, ka sake aunawa, in bai dawo kusa da na farko ba wankin bai yi ba. Na selulos mai ƙarfin 0.1 N ake sa masa, na PES na jure 0.5 N.

Su ƙananan na santirifuj kamfani ya ce sau ɗaya ake amfani da su. Gaskiya mu dai, da tsadarsu da yadda oda ke daɗewa kafin ta iso, mukan ɗauraye mu cika da bafa ko etanol kashi 20 mu sa a firij, amma ga furotin iri ɗaya kawai, da sunansa a murfi, kuma ba na wuce sau biyu ko uku. Duk aikin da zai shiga takardar bincike ko mas sifek sabuwa nake buɗewa.

Furotin ɗin da ka samu, juya shi sau ɗaya na ƙarshe minti goma a digiri 4 don duk wani guda ya kwanta, raba na saman ƙanana ƙanana yadda kowane tub zai ishe ka aiki ɗaya, daskarar da su da ruwan naitirojin, sai firizar 80 ƙasa da sifili. A jikin kowane tub suna, yawa, bafa, kwanan wata, da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa. Ƙanin nawa ya sake shuka bakteriyarsa ranar Lahadi, 3K guda biyu na ajiye masa a durowata, kuma na riga na rubuta RUWAN ƘASA a jikin tub uku na jera masa a benci.